Rumfar Makaɗa: Daga Landan zuwa Abuja

Ɗalibi, idan ka taɓa kallon bikin rantsar da shugaban ƙasa a talabijin, babu shakka ka ga sojoji sun jeru suna busa ƙaho, suna buga manyan ganguna. Hausawa suna kiran wannan kiɗa badujala. A wannan darasi za ka koyi yadda birane suke keɓe wa makaɗa wuri, da dalilin yin haka.

A ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Biktoriya, masana'antu sun yawaita a biranen Ingila. Ma'aikata suna zaune cikin cunkoso da hayaƙi, saboda haka hukumomi suka buɗe lambunan shaƙatawa domin jama'a su sha iska. A tsakiyar lambu akan gina wata rumfa ta 'yan badujala. Daga cikin na farko akwai waɗanda aka kafa a shekarar 1861 a wani lambu da ke unguwar Kensington ta Kudu, a birnin Landan.

Lura da yadda ake gina rumfar, domin kowane sashe yana da amfaninsa. Ana ɗaga daɓenta sama da ƙasa don a hangi makaɗa daga nesa. Ba a yi mata bango, sai dai ginshiƙan ƙarfe, don sauti ya fita ta kowace fuska. Rufinta kuwa yana kare makaɗa daga ruwa da rana, yana kuma dawo da sauti ƙasa wajen masu sauraro. A lokacin babu rediyo, babu amsa-kuwwa, don haka a nan talaka yake jin kiɗa mai kyau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da rediyo da talabijin suka shiga gidaje, mutane suka rage zuwa, aka rushe rumfuna masu yawa.

Ƙasar Hausa ma tana da nata wurin kiɗa tun kafin zuwan Turawa, wato ƙofar fada. A daren Jumma'a, wato ranar Alhamis da dare, makaɗan sarki sukan taru da kakaki da algaita da ganguna, su yi abin da ake kira sara. Duk mai so yana iya tsayawa ya saurara. Badujala kuwa ta shigo ne tare da sojojin mulkin mallaka, daga baya sojojin Nijeriya da 'yan sanda suka gaje ta.

Yanzu mu dubi Abuja. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ƙauro daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Babban filin taro na birnin shi ne Dandalin Eagle. A nan aka rantsar da Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu, 1999, lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, a nan kuma aka rantsar da Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007 da Muhammadu Buhari a 2015. Ga wani bambanci da ya kamata ka lura da shi: a lambunan Ingila makaɗa ne suke cikin inuwa, masu sauraro suna waje. A Dandalin Eagle kuwa baƙi ne suke zaune a ƙarƙashin rumfuna, 'yan badujala suna tsakar fili suna maci.

Dandalin Eagle wurin bukukuwan gwamnati ne. Wurin hutawar jama'a kuwa shi ne Lambun Millennium da ke unguwar Maitama. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi, Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003. Iyalai sukan cika shi a lokacin Sallah da Kirsimeti.

Fili a Abuja yana da tsada, kuma kullum akwai masu son a ba su wurin gini. Idan aka mayar da lambu kantuna, da wuya ya sake zama lambu, kuma yaran da iyayensu ba su da kuɗin shiga otal su ne za su rasa wurin wasa. Saboda haka idan ka ziyarci irin wannan wuri, kada ka zubar da shara, kada ka karya reshe, domin kai ma kana da rabo a cikinsa.

Tambayoyi

1. Mece ce badujala?
2. Me ya sa ba a yi wa rumfar makaɗa bango?
3. Kawo bambanci ɗaya tsakanin rumfar Ingila da Dandalin Eagle.
4. Rubuta jimloli biyar a kan wurin da ake kiɗa a garinku.