Canza Sinadari Ɗaya Ba Ya Wanke Mai Kwaikwayo

Masu ƙananan sana'o'i a Moshi Zango da maƙwabtanta irin su Krofrom da Tafo, musamman masu haɗa sabulu da man shafawa da magungunan kwalba, da matasanmu masu walda a Suame Magazine, sukan ɗauka cewa idan kayan wani na ci a kasuwa, suka cire sinadari ɗaya suka sa wani, to doka ba ta da hannu a kansu. Wannan zato yana iya kai mutum kotu, kuma ya kamata a san dalili.

A Gana, dokar haƙƙin ƙirƙira ta 2003, mai lamba 657, tana bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu kariya ta shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa. Ana neman rajistar ne a ofishin Babban Magatakarda da ke Accra, ko ta hannun ARIPO, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai hedikwata a Harare. Sharaɗin shi ne mai ƙirƙirar ya bayyana yadda abin yake, ya kuma rubuta iyakar abin da yake cewa nasa ne, kamar yadda ake kafa iyakar gona. Rigima takan taso idan wani ya kauce wa kalmomin da aka rubuta, amma ya kwashe amfanin ƙirƙirar gaba ɗaya.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ta shafi walda. A 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Graver Tank da na Linde, a kan garin da ake rufe bakin ƙarfe da shi lokacin walda. Linde yana haɗa nasa da maganiziyam, garin da Graver Tank ke amfani da shi kuwa manganis aka sa masa. Kotu ta duba abu uku: shin sabon sinadarin aiki ɗaya yake yi da na asali, ta hanya ɗaya, kuma sakamakon ɗaya ne? Da ta ga haka ne, kuma duk masanin harkar ya san ana iya musanya su, sai ta ce an taka haƙƙin Linde.

A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta bi irin wannan layi tsakanin Actavis da Eli Lilly, a kan maganin ciwon daji mai suna Alimta. Takardar Lilly ta ambaci haɗin da ke da sodiyam. Actavis ya musanya shi da fotasiyam da wasu, yana ganin ya tsira. Kotu ta ce bai tsira ba, domin ainihin dabarar maganin ba ta canza ba. Tsarin shari'ar Gana daga Ingila aka gaje shi, kuma lauyoyi sukan kawo hukuncin can don jan hankalin alƙali.

Sai dai kada a tsorata kowa da sunan haƙƙi. Kariyar tana aiki ne a ƙasar da aka yi rajista kawai, kuma idan wa'adinta ya cika kowa na iya yin abin. A shekarar 2000 kamfanin Glaxo Wellcome ya rubuta wa Cipla na Indiya cewa maganin ƙanjamau mai suna Duovir da ake shigo da shi Gana ya taka haƙƙinsa a kan maganinsa Combivir. Cipla ya daina kawowa, marasa lafiya suka rasa magani mai rahusa. Daga baya wani jami'in ARIPO ya bayyana cewa uku daga cikin takardu huɗu da kamfanin ya dogara da su ba su da ƙarfi a Gana. A 2005 gwamnati ta yi amfani da damar da doka ta ba ta, ta ba da izinin shigo da irin waɗannan magunguna daga Indiya.

Mai saye kuma yana da nasa gargaɗin. Hukuncin kotu cewa sinadarai biyu kwatankwacin juna ne magana ce ta mallaka. Lafiyar jiki kuwa aikin hukumar abinci da magunguna ne, wato FDA. Idan mai shagon magani ya ce maka "duk ɗaya ne", juya kwalin ka duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan babban suna. Panadol sunan kasuwa ne, sinadarinsa farasitamol, ƙwaya ɗaya miligiram 500. Duk maganin da za a ba ka a madadinsa dole ya ɗauki wannan sinadari da wannan ƙarfi, da lambar rajistar hukuma da ranar lalacewa.

Musanya a ɓoye ta sha cin rayuka. A 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, saboda wani ruwa mai guba da ya shiga cikinsa, mai kama da ruwan da ake narkar da magani a ciki. A 2022 irin wannan guba a cikin maganin tari ta hallaka yara kusan 70 a Gambiya.

Don haka mai sana'a, kafin ka zuba jari a haɗin da ka gano a wurin wani, sa lauya ya binciko maka ko yana da rajista a Gana da kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare. Idan naka ne ka ƙirƙiro, kada ka baza sirrinsa a kasuwar Kejetia kafin ka shigar da takardu. Mai saye kuma, idan ka yi shakka, kai kwalin wurin ƙwararren mai harhaɗa magani ko asibitin Komfo Anokye kafin ka sha ko ka ba yaro.