Dalilin da Ya Sa Laftof Mai RAM 4GB Ke Tafiyar Hawainiya, da Abin da Za a Yi Mata

Matashi zai tara kuɗi ya sayi laftof ta hannu don karatu ko koyon sana'a, ya kai gida, ya kunna, ya buɗe Chrome da shafuka shida ko bakwai, ya ƙara da Word, sai komai ya tsaya cak. In ya danna abu, sai ya jira kafin ta amsa. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne wayar da ke aljihunsa, wadda ita ma RAM ɗinta 4GB ne, tana buɗe WhatsApp da TikTok da Facebook ba tare da wata gardama ba. Daga nan sai ya fara zargin mai shago ya sayar masa da gwangwani, ko kuma bairos ya kama ta.

Sau da yawa lafiyar laftof ɗin ƙalau. Wuri ne ya yi mata kaɗan, kuma yadda Windows ke yi da ƙarancin wuri daban yake da yadda Android ke yi.

Tebur da sito

Kwamfuta na da wuraren ajiya iri biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai ma'adana, inda hotuna da finafinai da manhajoji ke zaune ko an kashe na'urar; ita ce ake rubuta wa 256GB ko 500GB. Sai kuma RAM, inda ake shimfiɗa abin da ake aiki da shi a wannan lokacin, wanda da an kashe na'ura komai na cikinsa ya goge. Kamar mai shayi ne: yana da tebur a gabansa, yana da sito a bayansa. Abin da ke kan tebur hannu kawai zai miƙa. Abin da ke sito sai ya tashi. In teburin ƙarami ne kuma masu saye sun yi yawa, rabin lokacinsa a kai-kawo zai ƙare, komai zafin namansa.

Idan RAM ya cika a wayar Android, sai ta rufe wasu manhajojin da ke baya ba tare da shawara da kowa ba. Shi ya sa mutum zai fita daga burauza ya amsa saƙo, ya dawo ya tarar shafin yana sake buɗewa daga farko. Windows ba ya yin haka, domin wanda ke rubuta furojet ɗinsa ba zai yafe wa kwamfutar da ta rufe masa Word ba. Abin da yake yi shi ne ya matse wasu bayanan a cikin RAM ɗin, in bai isa ba ya kwashe wasu ya kai ma'adana, cikin wani fayil mai suna pagefile.sys, ya dawo da su lokacin da aka buƙace su. Masu amfani da Tecno da Infinix sun san irin wannan dabarar da sunan Memory Fusion ko MemFusion, masu Samsung kuma RAM Plus.

A nan matsalar take. Ma'adanar waya ba ta da abin da ke motsi, tana da sauri. Yawancin tsofaffin laftof kuwa da HDD suke zuwa, wato faifai mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke bin faifan yana neman bayani. Kafin ya gano wurin da abu yake, yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A ido ba komai ba ne, amma RAM na yin wannan aikin sau dubbai a cikin wannan ɗan lokacin. Idan Windows na kai-kawo tsakaninsu ba tsayawa, sai allon ya sandare.

Sannan 4GB ɗin ma ba duka ke zuwa hannun mai kwamfuta ba. Microsoft ta sanya 4GB a matsayin mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, wato daidai bakin ƙofa. Windows da kansa yakan cinye fiye da rabi tun kafin a buɗe komai, kuma ɓangaren da ke sarrafa hoto a ƙananan laftof yana ɗiba daga cikin RAM ɗin.

A fara dubawa kafin a kashe ko sisi

A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shiga Performance, sannan a ci gaba da aikin da aka saba har lokacin da laftof ɗin ta fara nauyi. Idan Memory ya haura kashi 85 ko 90 cikin ɗari, Disk kuma ya manne a 100, to ƙarancin RAM ne tare da ma'adana marar sauri. Idan kuwa CPU ne ke 100 alhali Memory na da sauran wuri, ƙara RAM ba zai yi maganin komai ba. Haka nan idan fanka na ta ihu, ƙasan laftof ɗin ya yi zafi kamar dutsen guga: furosesa kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma ƙurar hunturu na toshe hanyar iska cikin 'yan watanni. Wannan aikin mai gyara ne, ya buɗe ya share. Ajiye ta a kan katifa ko filo ma na jawo haka.

A wannan shafin na Memory akwai layin da ya fi komai amfani, wato Slots used. In an ga 1 of 2, akwai ramin da babu komai a ciki, ana iya ƙara RAM. Wani lokaci adadin da ke wurin ba ya zama daidai, don haka yana da kyau a binciki lambar samfurin laftof ɗin a intanet don tabbatarwa.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Abu na farko shi ne manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta. A cikin Task Manager akwai sashen Startup. A nan za a tarar da irin su Teams, Zoom, Spotify, OneDrive da manhajojin saukar da fayil, kowanne ya kama wuri a tebur ba tare da an kira shi ba. A danna Disable a kan duk wanda ba a buƙata kullum. Ba gogewa aka yi ba, yana nan, sai an buɗe shi zai tashi.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne burauza. Chrome da Edge kan ware wa shafuka da ƙarin manhajojin da ake maƙala musu ɓangare daban-daban a RAM, don kada faɗuwar ɗaya ta ja sauran. Tsari ne mai kyau, amma yana da ci. Shafin YouTube ko Facebook ko Google Docs shi kaɗai na iya lashe ɗaruruwan megabait. Duk mai son ganin wanda ke cinye masa wuri, ya danna Shift da Esc yana cikin Chrome, jerin zai fito da adadin kowanne. A saitin Chrome, ƙarƙashin Performance, akwai Memory Saver, wanda Google ya gabatar a ƙarshen 2022. Yana kwantar da shafukan da aka daɗe ba a leƙa ba, ya saki wurinsu. Edge na da irinsa, ana kiransa Sleeping tabs. A kunna, a cire ƙarin manhajojin da aka manta da su, sannan a bar ɗabi'ar tara shafi talatin da sunan za a dawo a karanta. Ba a dawowa. Kuma buɗe burauza biyu a lokaci guda a kan 4GB neman rigima ne.

Sai maganar riga-kafin bairos. Masu saka Windows a kasuwa kan loda guda biyu ko uku don nuna sun yi aiki. Kowanne na zaune a RAM, kowanne na binciken duk fayil ɗin da aka taɓa, wani lokaci ma suna binciken juna. Windows 10 da 11 na zuwa da nasu a ciki, Microsoft Defender, kuma ga mai amfani na yau da kullum ya wadatar.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: Shut down da Restart ba ɗaya ba ne. Tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda ke adana wani ɓangare na Windows a ma'adana lokacin kashewa don tashi ya yi sauri, sai ya dawo da shi yadda yake, har da matsalolinsa. Restart ne ke share komai a fara sabo. Wanda ke rufe murfi kawai na tsawon makonni, ya riƙa yin Restart lokaci-lokaci.

Ana kuma iya kashe kwalliyar Windows, irin su inuwa da zamewar tagogi: a rubuta sysdm.cpl a wurin bincike, a shiga Advanced, a zaɓi Adjust for best performance. Bambancin ba shi da yawa, amma ana jin sa a tsohuwar na'ura. Kada kuma a bari ma'adanar C ta cika maƙil da finafinai, tunda can Windows ke kai rarar da RAM ya kasa ɗauka.

Abubuwan da ya kamata a guje wa

Manhajojin da ke alƙawarin "wanke RAM" da danna maɓalli ɗaya sun fi cutarwa. Abin da suke yi shi ne su tilasta wa Windows ya kwashe bayanai daga RAM ya kai ma'adana. Lambar za ta sauka, mai kwamfuta ya ji daɗi, amma da ya koma kan aikinsa sai an sake kwaso komai daga wurin da ya fi rashin sauri. Ga shi su kansu suna cin wuri, wasu har da tallace-tallace. Duk shafin da ya ce za a iya sauke ƙarin RAM daga intanet kuwa, ko dai zolaya ce ko tarko. RAM ƙarfe ne da ake riƙewa a hannu.

Haka nan kada a bi shawarar masu cewa a kashe pagefile gaba ɗaya don a samu sauri. A kan 4GB, sakamakon shi ne manhajoji su riƙa rufewa da kansu ana tsakiyar aiki. A bar Windows ya sarrafa girmansa.

Idan akwai ɗan kuɗi: SSD ko RAM?

Ga wanda laftof ɗinsa ke da HDD kuma kuɗinsa na abu ɗaya ne, SSD ya fi cancanta a fara da shi. SSD ba shi da faifai mai juyawa. Irin wanda ke shiga ramin HDD kai tsaye, mai inci 2.5, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, HDD ɗin laftof kuwa kusan 100. Inda ya fi yi masa fintinkau shi ne wajen tsinto ƙananan bayanai da ke warwatse, wanda shi ne ainihin aikin pagefile. Teburin bai ƙara girma ba, amma an matso da siton kusa da hannu. Tashin kwamfuta, buɗe manhaja, sauyawa daga taga zuwa taga, duk za su canza. Tsohon HDD ɗin kuma ba asara ba ne, a saya masa gida mai USB ya zama wurin ajiyar finafinai.

Wanda ya riga yana da SSD amma Memory na cika, shi RAM yake buƙata, kuma tsallakawa daga 4GB zuwa 8GB ya fi kowane saiti tasiri. Sai dai a nan ake yawan asarar kuɗi. RAM ɗin laftof gajere ne, ana kiransa SODIMM, na kwamfutar tebur ba ya shiga. DDR3 da DDR4 ba sa musanyawa, tsagar da ke jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Ko a cikin DDR3 akwai DDR3L mai aiki da ƙaramar wuta, bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma laftof da ke buƙatar DDR3L na iya ƙin tashi da ɗayan. Misali, HP EliteBook 840 G1, wadda ta cika kasuwannin kayan hannu, ramuka biyu gare ta kuma DDR3L take ɗauka, yayin da 840 G3 ke ɗaukar DDR4. Suna kusan ɗaya, ciki daban.

Wasu laftof ɗin kuwa, musamman sirara da masu araha irin wasu samfuran HP Stream, an liƙe musu RAM ɗin a jikin allon na'urar, ba a cirewa ba a ƙarawa. Mai shirin saye ya tambayi wannan tun kafin ya biya, domin fenti mai sheƙi ba ya nuna shi.

A kuma duba Settings, System, About, a ga ko Windows ɗin 32-bit ne ko 64-bit. Mai 32-bit ba ya iya amfani da abin da ya wuce 4GB, ko da an saka masa 8GB; sai an sake saka 64-bit, bayan an kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri.

In babu ramin ƙari, babu kuɗi

Saura sauya tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin laftof da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu gyara na iya tilasta shi ya hau, amma a kan 4GB da HDD wahala ce kawai. Linux Mint mai fuskar Xfce da Lubuntu kyauta ne, kuma suna barin wuri mai yawa a RAM fiye da Windows. ChromeOS Flex na Google ma an yi shi ne don tsofaffin kwamfutoci, sai dai ya fi dacewa da wanda kusan duk aikinsa a burauza yake kuma yana da data. Cikas ɗin shi ne CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Office na kwamfuta ba a yi su don waɗannan tsare-tsaren ba, don haka mai sana'ar zane ya yi tunani sosai. Ɗalibi mai rubutu da bincike kuwa LibreOffice zai buɗe masa fayilolin Word, kuma ana iya gwada Linux Mint daga filas ba tare da an goge komai ba.

Ranar da za a je sayen RAM, a tafi da laftof ɗin, kada a tafi da sunanta kawai. A sa a gaban mai shago, a kunna, a buɗe Task Manager a ga 8GB ya bayyana, a buɗe shafuka goma a bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci. In allon ya yi shuɗi ko ta kashe kanta, a mayar masa da kayansa tun ana wurin.