Fawa Ba Tayi Ba Albarka: Mahaucin Ingila a Zamanin Yaƙin Hitila

Duk wanda ya san fawa ya san ribar mahauci tun a kara ake cin ta, kafin wuƙa ta taɓa wuyan dabba. Ya zaga sa, ya latsa haƙarƙari, ya ƙiyasta tsoka da kitse a ransa, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. Haka mahautan Ingila suke har zuwa shekarar 1939. Kusan kowane gari yana da ranar kasuwar dabbobi, kuma mahauta da yawa suna da 'yar mayankarsu a bayan shago. A cikinsu akwai waɗanda ba sa taɓa komai sai alade: su yanka, su sa gishiri, su kyafe, su niƙa ragowar su cusa a hanji su yi abin da suke kira sosej. Mu dai alade ba abincinmu ba ne, amma a ƙasar tasu shi ne naman talaka, shi ne karin kumallon ma'aikaci, don haka da yaƙi ya zo a kansa aka fi jin jiki.

A watan Janairun 1940 Ma'aikatar Abinci ta Birtaniya ta zama ita kaɗai ce mai sayen dabbar yanka a faɗin ƙasar. Manomi ba shi da ikon sayar wa mahauci saniya ko tunkiya ko alade kai tsaye. Sai ya sanar da hukuma tun da wuri, ya kai dabbarsa wurin da aka tanada, masu duba daraja su auna ta, su faɗi ajinta, a biya shi kuɗin da aka riga aka rubuta. Mayanka sama da dubu goma aka rufe, aka bar 'yan ɗaruruwa a hannun gwamnati. Dillali ya rasa la'ada, mahauci ya rasa kara. Abin da ya rage masa shi ne ya jira motar da za ta kawo masa kasonsa, gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista a shagonsa.

Dalilin wannan tsauri ba ɓoyayye ba ne. Kafin yaƙi, kusan rabin naman da Birtaniya ke ci daga waje yake zuwa, ta jirgin ruwa: na shanu daga Ajantina, na tumaki daga Ostireliya da Niyu Zilan, kyafaffen naman alade kuwa mafi yawansa daga Denmak. Jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna nutsar da jiragen kaya, sannan a watan Afrilun 1940 Jamus ta mamaye Denmak, wannan ƙofa ta rufe gaba ɗaya. Hatta aladun da ake kiwo a gida da hatsin waje ake ciyar da su.

A nan ne matsalar alade take. Saniya da tunkiya ciyawa suke ci, abin da mutum ba zai iya ci ba. Alade kuwa abokin takarar ɗan Adam ne a kan akushi: sha'ir, masara, dankali, duk abin da mutum zai ci shi ma yana so. Jamusawa sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan tun a Yaƙin Duniya na Farko. Sun ƙayyade farashin hatsi, manomi ya duba ya ga ya fi masa riba ya zuba wa alade hatsin ya sayar da nama. Da gwamnati ta farga, sai ta ba da umarni a farkon 1915 aka yanka aladu kusan miliyan 5 cikin 'yan watanni. Nama ya cika kasuwa ya yi araha, wani ya lalace don ba wurin adana shi, bayan nan kuma aka shiga ƙamfar nama da ta kitse, gonaki suka rasa taki. Turawan Ingila ba su yi wannan gaggawar ba. Sun matse abincin dabbobi ne a hankali, suka fifita saniyar tatsa, suka bar kiwon alade ya tsuke da kansa. Daga sama da miliyan 4 a 1939, aladun ƙasar suka koma ƙasa da miliyan 2 kafin yaƙi ya ƙare.

To, yaya aikin mahauci ya koma? Ranar 8 ga Janairun 1940 aka fara rabon abinci da kati, aka soma da kyafaffen naman alade da man shanu da sukari. Kason kyafaffen naman a mafi yawan shekarun yaƙin bai wuce giram 113 ba a mako ga mutum ɗaya, kuma galibi a shagon kayan masarufi ake karɓarsa. A watan Maris sauran nama ya biyo baya, sai dai shi da kuɗi aka auna shi, ba da sikeli ba: sule ɗaya da kwabo goma a mako ga babba, rabin haka ga ƙaramin yaro. A 1941 aka rage shi zuwa sule ɗaya da kwabo biyu, wanda bai fi ya sayi rabin kilo da ɗoriya ba. Wannan dabara tana da ma'ana. Mai son lafiyayyar tsoka zai samu 'yar kaɗan, mai haƙuri da wuya ko ƙirji ko ƙwauri zai koma gida da abin da zai cika tukunya. An bar wa uwargida zaɓi, an kuma tabbatar kowane sashe na dabba ya samu mai saye.

Kowane yanki na nama yana da farashinsa a rubuce, an liƙa a bango inda kowa zai gani. Ribar mahauci ma an yanke masa ita. Saboda haka gwanintarsa duk ta tattara a kan katakon sara. Ga rabin sa an kawo masa, wani lokaci daskararre kamar dutse, an ma zare ƙasusuwansa tun a Ajantina don kada ya ci wuri a jirgi. Ga sunayen gidaje ɗaruruwa a littafi. Dole ya fitar da kason kowa daga ciki, kada ya yi saura, kada ya gaza. Idan hannunsa ya yi nauyi da safe, waɗanda suka zo da yamma za su tarar da katako wayam, kuma ba shi da inda zai je ya ƙaro. Idan sabon nama bai isa ba, a cike wa mutane da na gwangwani. Bayan an rufe shago sai ya zauna da almakashi da tarin ƙananan takardu, yana ƙirga su yana cike fom na ofishin abinci. Samarin da ke taya shi aiki an kwashe su soja, matarsa ko 'yarsa ce ke riƙe da sikeli.

Matan gari kuwa tun da sassafe suke kafa layi, kowace da kwandonta da katin iyalinta da tsohuwar jarida ta naɗe nama, domin takarda ma ta yi wuya. Mahaucin da bai taɓa zama kowa ba a unguwa sai ga shi ana gaishe shi da fara'a ta musamman. Dalili shi ne kayan ciki. Hanta da ƙoda da zuciya da wutsiya ba sa cikin lissafin kati a yawancin lokacin, haka ma sosej da zomo, amma ba sa isar kowa. Mahauci ne ke da ikon cewa wa zai samu. Sai ya ajiye su a ƙarƙashin kanta, ya naɗe a ɓoye ya tura cikin kwandon wadda ya ga dama. A ganina nan ne aka fi gane halin mutum a sana'ar. Akwai wanda zai tuna da mai jego ko tsohuwar da ba ta iya tsayuwar layi, akwai wanda zai tuna da matar mai kuɗi. Shi kansa sosej ɗin ya zama abin barkwanci, saboda burodi da ruwan da ke cikinsa sun kusa rinjayar nama.

Masu sana'ar alade zalla su suka fi shan wuya, domin mafi yawan aladun da gwamnati ta saya masana'antun kyafewa ake kai su, ɗanyen naman ya zama sai an dace. Amma ta wata ƙofar kiwon ya dawo hannun talakawa. A 1940 aka kafa wata majalisa ta ƙananan masu kiwon alade, aka ƙarfafa wa mutane gwiwa su haɗa ƙungiya: maƙwabta, ma'aikatan masana'anta, 'yan kwana-kwana, har 'yan sandan da ke gadin lambun Hyde Park a Landan suna da tasu. Ƙungiyoyin sun kai dubbai. Su tara ɓawon dankali da ganyen kabeji da ragowar abinci, su dafa shi sa'a guda cur kamar yadda doka ta ce don gudun cuta, su ciyar da dabbobinsu. In lokacin yanka ya yi, rabi na gwamnati a farashinta, rabi nasu. A bakin tituna aka ajiye garewani na zuba ragowar abinci, a unguwar Tottenham kuma hukumar gari ta riƙa dafa shi ya daskare a sayar wa manoma, har sunan unguwar ya bi shi.

Wanda ya yi kiwo a bayan gida ba ya yanka sai da takardar izini, kuma zai sallama katinsa na kyafaffen nama na tsawon lokaci. A ƙauyuka akwai mai yankan da ke bi gida-gida a lokacin sanyi da wuƙaƙensa da igiya. Nan ne kasuwar bayan fage ta samu gindin zama. Izinin ɗaya a yanka biyu, ko a ɓoye ɗan alade a rumbu ba a rubuta shi ba. Ma'aikatar Abinci tana da masu bincike, ana cin tara mai nauyi, wasu har gidan yari, amma ƙauye ba ya tona asirin ƙauye. Abin ya zauna a zukatansu har aka yi fim a kansa a 1984, mai suna A Private Function.

Duk da haka cuwa-cuwar ba ta cinye tsarin ba, kuma wannan shi ne abin lura. Ƙayyade farashi da baki kawai, a bar kaya a hannun 'yan kasuwa, ɓatar da kayan yake yi daga kan tebur. Abin da Birtaniya ta yi daban ne. Ita ke saye daga manomi, ita ke shigo da na waje, ita ke rabawa, kuma daga 1941 ta ɗauki alkawarin riƙe tsadar rayuwa da kuɗin baitulmali: ta sayi nama da tsada ta sayar wa mahauci da sauƙi. Lord Woolton, wanda ya riƙe ma'aikatar daga Afrilun 1940, ɗan kasuwa ne da ya shugabanci manyan kantuna, ya kuma san cewa kati ba shi da daraja sai in duk wanda ya miƙa shi ya samu abin da aka rubuta. Musulmi da Yahudawa da ke zaune a ƙasar an ba su damar mayar da kasonsu na alade su karɓi wani abinci a madadinsa.

Sai dai kada a ɗauka baitulmalin Landan ne kaɗai ya ɗauki nauyin wannan sauƙi. Man girkin da ya cike gurbin kitsen alade a tukunyar Baturiya, da gyaɗarmu aka yi wani kaso nasa. Daga 1942 wata hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma ce ke sayen gyaɗar Kano domin wannan ma'aikata, a farashin da ita ta yanka, manomi ba shi da ta cewa.

Yaƙi ya ƙare a 1945, katin nama bai ƙare ba. Ƙasar ta fito da bashi, ba ta da dalar sayen abinci, har kason ya ƙara raguwa a wasu shekarun bayan yaƙi fiye da lokacin da ake ruwan bama-bamai. Yaron da ya fara koyon fawa a 1940 ya girma, ya yi aure, bai taɓa taya dabba a kasuwa ba. Sai ranar 4 ga Yulin 1954 aka janye kati daga kan nama da kyafaffen naman alade, su ne na ƙarshe cikin kayan abincin da aka saki, bayan shekara 14 da rabi.