Macillin Faifai: Kimiyyar Harbin Abin da ke Tafiya a Sama

Gabatarwa

Kwari da baka tsofaffin makamai ne a ƙasar Hausa. Da su aka yi farauta, da su aka tsare garuruwa. A yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka karya lagon dawakin Gobir. A Daura da garuruwan masarautarta irin su Sandamu, sarautar Sarkin Baka da fitowar maharba ranar hawan salla suna tuna wa jama'a wannan martaba. Sai dai daji ya zama gonaki, namun dawa sun yi ƙaranci, saurayin da ke son ya gaji kakansa ba shi da wurin koyo, in ban da ya far wa 'yan tsuntsayen da suka rage. Wannan maƙala za ta bayyana yadda za a haɗa wata 'yar na'ura mai cilla faifai sama don gwajin bara, da kuma ka'idojin kimiyyar da ke sa kibiya ta sadu da faifan.

Asalin dabarar

A ƙarni na 19, Turawan Ingila da Amurka kan saki tantabaru daga akwati su harbe su don wasa. A shekarar 1880 wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky, mutumin birnin Sinsinati, ya ƙirƙiro faifan yumɓu da ake cillawa da na'ura a maimakon tsuntsu. Daga baya Ingila ta haramta harbin tsuntsayen da aka tsare, a shekarar 1921. Masu harbi da baka su ma sun ari dabarar, amma sai suka yi nasu faifan da kwali ko soso, domin yumɓu yana karya kibiya.

Kayan aiki da haɗawa

Duk abin da ake bukata ana samunsa a kasuwar ƙauye. A nemi faffaɗan katako mai nauyi wanda zai zama gindi. A kafa masa gajerun ginshiƙai 2 a tsakiya, kowanne mai tsayin santimita 40, da 'yar tazara a tsakaninsu. Sai a samo sandar icce mai ƙwari, tsawon mita 1, wadda za mu kira hannu. A huda ta a santimita 20 daga ƙarshenta, a zura ƙarfe mai noti ta cikin ginshiƙan da hudar, yadda hannun zai riƙa lilo ba tare da cijewa ba. Ke nan an sami gajeren ɓangare mai santimita 20 da dogo mai santimita 80.

A gajeren ɓangaren za a ɗaura robar cikin tayar mota, irin wadda yara ke yankawa su yi danƙo, a ja ta ƙasa a ɗaure a jikin gindin. A ƙarshen dogon ɓangaren kuwa, a kafa siraran katakai 2 da tsaga a tsakaninsu, inda faifai zai zauna a tsaye. A sa wani gungume da aka naɗe da roba a ƙarƙashin gajeren ɓangaren, don ya tare hannun idan ya taso. Abu na ƙarshe shi ne sakata mai riƙe dogon ɓangaren a ƙasa, wadda za a ɗaura wa doguwar igiya. Abin harbin kuma, ana iya ɗinke tsofaffin faya-fayan kaba 2 ko 3, ko a manne fallen kwali 5 a yanka su da'ira mai faɗin santimita 25.

Dalilin tsayar da faifai a tsaga shi ne ya keta iska da gefensa, fuskarsa kuma ta dubi maharbi, wanda zai tsaya daga gefen na'urar.

Daga ina ƙarfin yake fitowa?

Idan aka danne dogon ɓangaren ƙasa, gajeren zai ɗaga ya miƙe robar. Masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana a shekarar 1678 cewa abu mai tankwaruwa yana mayar da ƙarfi gwargwadon yadda aka ja shi. Roba ba ta bin wannan ka'ida sau da ƙafa, amma ta yi kusa. Aikin da hannun mutum ya yi a hankali yana nan ajiye a cikinta, har a zare sakata ta sake shi gaba ɗaya. Haka baka ma yake aiki: itacensa ne ke ajiye ƙarfin, tsirkiya ta miƙa wa kibiya.

Shi kuwa hannun na'urar, aikinsa mayar da ƙarfi ya zama sauri. Da yake dogon ɓangaren ya ninka gajeren sau 4, to duk gudun da gajeren ya yi, ƙarshen dogon zai ninka shi sau 4. Bugu da ƙari, faifan yana barin hannun ne a kusurwar digiri 90 da shi. Saboda haka in gungumen ya tsayar da hannun a digiri 20 sama da shimfiɗar ƙasa, faifan zai tashi a digiri 70. Mai son sauya hanyar faifai sai ya ɗaga gungumen ko ya rage masa tsayi.

Tafiyar faifai a sama

A littafinsa na shekarar 1638, Galileo Galilei na ƙasar Italiya ya nuna cewa abin da aka jefa yana tafiya iri biyu a lokaci guda: yana ci gaba da gudunsa na gefe, ƙasa kuma tana fizgo shi. Wannan fizga tana rage wa mai hawa gudun mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan guda.

Alal misali, a ce faifai ya tashi da gudun mita 10 a sakan, a kusurwar digiri 70. Gudunsa na sama zai kama mita 9.4, na gefe kuwa mita 3.4. Zai kai ƙololuwa cikin kusan sakan 1, a tsayin mita 4.5, sannan ya ɗauki wani sakan ɗin yana saukowa. Iska za ta ɗan rage waɗannan alƙaluma, tun da faifai ba shi da nauyi.

Abin lura a nan shi ne, faifan yana shafe rabin lokacin tafiyarsa ne a cikin kashi ɗaya bisa huɗu na can saman hanyarsa. Wato daga cikin sakan 2, sakan guda cur yana jinkiri kusa da ƙololuwa. Nan ne maharbi zai same shi cikin sauƙi.

Ɗalibi zai iya auna tsayin da agogo kawai. Ya ƙirga sakan nawa faifai ya yi a sama, ya ninka adadin da kansa, sannan ya ninka da 1.2. In sakan 2 ne, amsar ita ce mita 4.8.

Ina za a auna?

A ɗauka kibiya tana gudun mita 45 a sakan, maharbi kuma yana nesa da mita 15. Kibiyar na bukatar sulusin sakan kafin ta isa. Cikin wannan ɗan lokaci faifan zai gusa gefe da mita 1 da 'yan kai. Wanda ya auna inda faifai yake, bayansa zai harba. Hausawa kan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma faifai ba shi da wutsiya. Dole a sha gabansa.

Mai karatu zai iya tambaya, to faɗowar da faifan zai yi fa? Lalle cikin sulusin sakan zai sauko da kimanin santimita 54 daga ƙololuwa. Amma ita ma kibiyar tun da ta bar tsirkiya take saukowa daga layin da aka auna ta, kuma daidai wannan santimita 54 ɗin, domin ƙasa ba ta fifita mai nauyi a kan marar nauyi wajen fizga. Ashe ke nan wanda ya saki kibiya lokacin da faifai ke ƙololuwa, ba ruwansa da lissafin sama da ƙasa. Ya auna gaban faifan kawai, a daidai tsayinsa. Tsofaffin maharba sun san wannan da ido da hannu, ba tare da alli da allo ba.

Hattara

Kibiyar da aka harba sama ƙasa za ta dawo, kuma da tsini take dawowa. A bisa lissafi, kibiya mai wancan gudu da aka harba a digiri 45 za ta iya cin sama da mita 200 in ba don iska ba. Kibiyar gargajiya ta kyauro, wadda galibi ba a sa mata gashi, mai ƙarfe da kunnuwa, ba ta dace da wannan wasa ba sam, balle wadda aka shafa wa dafin kwankwani. A yi kibau na musamman: a dasashe bakin a rufe shi da roba, a ɗaure wa gindin manyan fuka-fukan zabo ko talo-talo ba tare da an rage su ba. Irin wannan kibiya tana tashi da sauri, sa'an nan iska ta kama gashin ta faɗo kusa.

A zaɓi fili bayan an gama kaka, inda ido zai ga mita 200 babu gida, babu hanya, babu makiyayi. Mai jan igiya da 'yan kallo su zauna bayan maharbi. Kada a harba kibiya tsaye bisa kai. Kada kowa ya sunkuya kan na'urar alhali an ɗana ta, kuma a riƙa duba robar, don zafin rana yana tsattsaga ta. Ranar da iskar hunturu ta yi ƙarfi, a haƙura.

Kammalawa

Da katako da roba da faifan kaba, malamin kimiyya a Sandamu zai iya nuna wa ɗalibansa ka'idojin Hooke da Galileo a fili, Sarkin Baka kuma ya sami inda zai horar da magada ba tare da an taɓa ko kurciya ɗaya ba. A fara daga mita 8, a riƙa ƙara nisa sannu a hankali, a kuma rubuta sau nawa aka samu cikin harbi 20. Sai an gwada akan san na ƙwarai.