Almajiranci a Aikace: Al'adun Masu Bi a Ikilisiyoyin Arewacin Nijeriya

A ikilisiyoyin bishara na arewacin Nijeriya, irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, halartar sujada ranar Lahadi ba ta isa a ce mutum ya cika mai bin Almasihu ba. Abin da jama'a suke dubawa shi ne aikin da ya ɗauka: ko yana koyarwa a makarantar Lahadi, ko yana fita wa'azi, ko yana cikin masu zuwa gaida marasa lafiya. Wannan rayuwa ta koyo da aikatawa da koya wa wani ita ake kira almajiranci, kuma mafi yawan nauyinta yana wuyan 'yan ikilisiya ne, manoma da malaman makaranta da 'yan kasuwa da matan aure.

Tushen al'adar yana cikin yadda Kiristanci ya kafu a yankin. 'Yan mishan na SIM sun fara isowa a 1893, na SUM suka sauka a Wase a 1904, 'Yan'uwa kuma, 'yan mishan ɗin da EYN ta samo asali daga aikinsu, suka kafa tasharsu a Garkida a 1923. Turawan ba su da yawa, ƙasar kuwa ga faɗi ga tarin harsuna, sannan gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita musu shiga masarautun Musulmi. Saboda haka aikin ya fi ƙarfi a Filato da kudancin lardin Zariya da Adamawa da ƙasar Tangale, kuma dole aka jingina da sababbin tuba. Wanda ya iya karatu a tashar mishan sai a tura shi ƙauye na gaba, ya yi noma da safe, ya koyar da karatu da addu'a da yamma. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa yake cikin jigoginsa, ta ba ƙabilu masu harsuna dabam-dabam littafi ɗaya da harshen sujada ɗaya. Ko da ikilisiyoyin suka tsaya da ƙafafunsu, ECWA a 1954, tarayyar da ake kira TEKAN a yau kuma a 1955, wannan hali na kowa ya kama aiki ya riga ya zauna.

Matakin farko shi ne ajin baftisma. Wanda ya furta tuba yakan shafe watanni yana koyo a wajen fasto ko wani dattijo: muhimman koyarwar bangaskiya, haddar ayoyi, da halin da ya kamaci mai bi a gida da kasuwa. Dattawan ikilisiya sukan yi masa tambayoyi, su kuma bincika zamansa da iyali da maƙwabta. A da, barin tsafi da shan burkutu su ne manyan alamun da ake nema, har wasu sukan fito da layu da guraye a ƙone a bainar jama'a. A ECWA da EYN ana yi wa wanda ya mallaki hankalinsa baftisma ta nitsarwa, sau da yawa a rafi, jama'a na tsaye a bakin ruwa suna waƙa. 'Yan EYN suna nitsarwa sau uku, kuma sun riƙe al'adar wanke wa juna ƙafa a lokacin Jibin Ubangiji, maza a gefe guda, mata a gefe guda, don tuna cewa babba mai hidima ne. Anglika da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma, sai yaro ya tasa ya shiga ajin tabbatarwa.

Bayan baftisma, gida ne makaranta ta yau da kullum. Iyali sukan taru da asuba ko bayan tuwon dare, a rera waƙa daga littafin waƙoƙi, a karanta nassi, maigida ko uwargida ta yi ɗan bayani, a rufe da addu'a. Yara sukan karɓi karatun bi da bi, ta haka da yawa suka goge da karatun Hausa. A ƙauyuka akan buga ƙararrawa, wani wurin tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataya a bishiya, domin addu'ar safe kafin a wuce gona.

Ƙashin bayan tsarin shi ne ƙungiyoyi, kuma babu wadda ta kai Zumuntar Mata ƙarfi. Matan sukan haɗu a tsakiyar mako, sanye da zane da ɗankwali iri ɗaya a ranakun taro, su yi nazarin Littafi Mai Tsarki, su koyi sababbin waƙoƙi da kiɗan tulu da ganga da kacau-kacau. Waƙoƙin nasu da kansu suke tsarawa, mai bayarwa ta bayar, saura su amsa, kuma a ciki ake zuba labaran nassi da gargaɗi kan zaman aure da tarbiyya, yadda ko wadda ba ta iya karatu ba za ta tafi da darasi a ka. Idan wata ta haihu, 'yan zumunta ne masu kai itace da sabulu. Idan an yi rasuwa, su ne masu girki da kwana a gidan makoki. Gwauraye da marayu ma suna cikin lissafinsu, kuma kuɗin da suke tarawa ya ɗauki nauyin masu bishara da dama. Maza suna da tasu zumuntar, matasa da mawaƙa ma haka, yara kuma suna shiga birged ta maza ko ta mata, inda ake haɗa fareti da horo da karatun nassi.

Fita da bishara farilla ce a almajiranci, bisa umarnin da Yesu ya bar wa almajiransa a ƙarshen Bisharar Matiyu. A farkon shekarun 1960 aka kafa Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank na SIM yake cikin jagororinsa, da nufin kowane mai bi ya zama mai shaida. Tsarinsa shi ne ƙananan rukunonin addu'a a gidaje, koyarwa daga ɗan littafin jagora, sannan fita bibbiyu gida-gida. Har yau 'yan Sabon Rai sukan tafi ƙauyuka da rani, lokacin da aikin gona ya lafa, su kwana a can suna wa'azi da waƙa. Masu jin kiran ba da rayuwarsu gaba ɗaya sukan shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, irin ta Kagoro ko ta Gindiri, wasu kuma su bi ƙungiyar EMS, wadda aka kafa a 1948 domin 'yan ƙasa su aiki 'yan'uwansu. Fasto Panya Baba ya daɗe yana shugabancinta, kuma ta tura ma'aikata har ƙetaren Nijeriya, ciki har da Nijar.

Bayarwa ma ma'auni ce. Ban da baikon Lahadi akwai zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. Manomi yakan fitar da tasa da damman dawa ko buhun masara. Da kaka akan yi bikin godiya, a shigo da doya da gero da awaki da kaji ana rawa har gaban bagade. Gonar ikilisiya da ginin majami'a kuwa da gayya ake yin su.

Akwai kuma horo. Wanda aka kama da zina ko sata ko komawa ga boka, dattawa sukan zauna da shi, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wani lokaci, a wasu wuraren ya koma zama a bencin baya. Manufar ita ce gyara, kuma idan wa'adi ya cika aka ga alamar tuba, sai a karɓe shi a gaban jama'a da addu'a. Akan yi ƙorafi cewa hukuncin ya fi faɗawa kan 'yan mata da talakawa, masu hali kuma su sha, batun da ikilisiyoyin suke ta muhawara a kai.

Rikicin Boko Haram ya gwada wannan tarbiyya gwaji mai tsanani, musamman ga EYN, wadda koyarwarta ta ginu kan zaman lafiya da ƙin ramuwa. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi. Membobin da suka watse zuwa Yola da Jos da Abuja da Kamaru sun sake kafa zumunta da azuzuwa a wuraren gudun hijira, ikilisiyar kuma ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya da koyar da gafara, ta raba kayan agaji ga Kirista da Musulmi. A birane kuma ƙalubalen dabam ne: matasa da yawa sun fi sakewa da Turanci, sababbin coci-coci suna jan su, aikin ofis kuma yana cinye lokacin taron tsakiyar mako. Don haka ikilisiyoyi da dama suke gudanar da sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, suna kuma raba membobi rukuni-rukuni bisa unguwanni, domin kowa ya sami wanda zai koya masa da wanda shi ma zai koya wa.