Kafin Daren Kyauta: Yadda Aka Riƙa Zaɓen Jarumai Mata A Tsofaffin Fina-finai

A shekarar 1936, wani furodusa a Amurka mai suna David O. Selznick ya biya dala 50,000 ya sayi izinin mayar da littafin Margaret Mitchell, Gone with the Wind, ya zama fim. Kafin a ce me, littafin ya game ƙasar, kuma duk wanda ya karanta ya riga ya zana wa kansa kamannin Scarlett O'Hara, 'yar mai gonar auduga a kudancin Amurka, kyakkyawa mai taurin kai, wadda yaƙin basasa ya tarwatsa wa gida. To wace mace ce za ta fito a matsayinta? Sai da Selznick ya shafe fiye da shekara biyu kafin ya ba da amsa. An tura wakilai garuruwan kudu, an gana da mata kimanin 1,400, jaridu suna ta kawo labari, jama'a suna ta aiko da wasiƙu, kowa da gwanarsa.

Mai karatu zai iya ɗauka tsabar neman nagarta ce ta jawo wannan jinkiri. Akwai wannan, amma akwai lissafin kasuwa a ƙarƙashi. Selznick ya ƙwallafa rai sai Clark Gable ya zama namijin fim ɗin, Gable kuwa yana ɗaure da kwantiragin kamfanin MGM. Sharaɗin MGM shi ne su ba da aron Gable, su zuba dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin, su ne kuma za su rarraba fim ɗin a gidajen sinima. Shi kuma Selznick yana da wata yarjejeniyar rarrabawa da kamfanin United Artists wadda ba za ta ƙare ba sai ƙarshen 1938. Dole ya jira. Farautar Scarlett ce ta cike masa wannan giɓi, ta hana mutane mantawa da fim ɗin da ko fara ɗauka ba a yi ba.

Manyan taurarin zamanin sun nuna kwaɗayinsu, har da Katharine Hepburn. Kamfanin Warner ya yi tayin ba da Bette Davis, amma tare da Errol Flynn a madadin Gable, cinikin bai faɗa ba. Wadda ta kusa samu ita ce Paulette Goddard. Gwajinta ya yi kyau, har an ɗauke ta da kyamarar fim mai launi, abin da ba a yi wa kowa ba sai ita da wadda ta yi nasara a ƙarshe. Abin da ya fi kawo mata cikas shi ne zamanta da Charlie Chaplin, wanda jama'a ba su da tabbacin ko an ɗaura musu aure. Selznick ya ji tsoron ƙungiyoyin addini da na mata su juya wa fim ɗin baya.

A daren 10 ga Disamba, 1938, aka cinna wa tsofaffin gine-ginen wasa wuta a filin kamfanin don ɗaukar ƙonewar birnin Atlanta. A wurin ne Myron Selznick, wan furodusan, ya zo da wata 'yar Ingila, Vivien Leigh, wadda aka haifa a Darjeeling ta ƙasar Indiya a 1913. Masu ba da labari suna son su nuna kamar daga sama ta faɗo a hasken wuta. Gaskiyar ta fi haka sauƙi. Selznick ya riga ya kalli fina-finanta biyu a farkon shekarar, ya ga salon Ingila ya yi mata yawa. Myron kuwa shi ne wakilin jarumi Laurence Olivier, wanda yake Hollywood a lokacin yana aikin wani fim, kuma Leigh ta biyo shi ne saboda soyayyar da ke tsakaninsu, alhali kowannensu yana da aure a gida. Wato abin da aka guje wa a wurin Goddard yana nan a wurin Leigh, sai dai nata bai fito fili a Amurka ba, kamfani kuma ya san yadda ya rufa shi. In wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani in ya yi duka zai sha. An bayyana sunanta ranar 13 ga Janairu, 1939, ta kuma karɓi kyautar Oscar ta gwarzuwar jaruma ranar 29 ga Fabrairu, 1940.

Ba na cikin masu cewa Leigh ba ta cancanta ba. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya san ta riƙe shi na kusan awa huɗu ba tare da ta saki ba. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, masu jefa ƙuri'ar kyauta ba sa zaɓa sai daga cikin waɗanda aka riga aka ba rol. Hukunci na farko, wanda ya fi nauyi, a ofishin furodusa ake yanke shi, kuma a can ana auna kuɗi da kwantiragi da launin fata da tsegumin gari tare da iya wasa, wani lokaci ma kafin iya wasa.

A wannan dare na 1940 aka ba Hattie McDaniel kyautar mataimakiyar jaruma, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar. Iyayenta duka an taɓa bautar da su. Rol ɗin da ta fito a ciki na baiwar gidan su Scarlett ne, kuma ba ita kaɗai ta nema ba: Louise Beavers na cikin masu takara, matar shugaban ƙasa Eleanor Roosevelt ma ta rubuta wa Selznick tana ba da shawarar wata mai aiki a fadar gwamnati. McDaniel ta je gwaji sanye da cikakkun kayan 'yar aikin gida, ta samu. Amma dokokin wariya na jihar Jojiya sun hana ta halartar bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta a watan Disamba na 1939, a otal ɗin da aka yi bikin kyautar kuma, a Los Angeles, can gefe aka ajiye mata tebur, nesa da abokan aikinta farare. Wasu shugabannin baƙaƙen fata sun soke ta cewa ta yarda tana fitowa a 'yar aiki. Sukar tana da tushe, sai dai a ganina ta sauka a kan wanda bai kamata ba, domin wannan ne kusan irin rol ɗin da ake rubuta wa mace baƙa a Hollywood ta wancan lokaci. Sai 1991 wata baƙar mace, Whoopi Goldberg, ta sake cin Oscar ta wasa, sai 2002 kuma Halle Berry ta ci ta babbar jaruma.

Abin da ya sami Anna May Wong ya fi wannan ciwo, don ita ko ƙofar ba a buɗe mata ba. An haife ta a Los Angeles a 1905, iyayenta 'yan asalin Sin ne, ta yi suna a Amurka da Turai, ta fito tare da Marlene Dietrich a Shanghai Express a 1932. Da MGM ta tashi yin fim da littafin Pearl Buck, The Good Earth, labarin wani manomi ɗan Sin da matarsa O-Lan, kowa ya san babu wadda ta fi Wong dacewa. Sai dai kamfanin ya riga ya ba Bature, Paul Muni, matsayin mijin. Ƙa'idojin tace fina-finai da Hollywood ta gindaya wa kanta, waɗanda aka tsaurara daga 1934, sun hana nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, kamfanoni kuma suka faɗaɗa hanin a aikace ya shafi sauran jinsuna. A jihar Kalifoniya kanta, auren fari da wanda ba fari ba haramtacce ne a doka har 1948. Saboda haka tunda mijin Bature ne da aka yi wa kwalliya ya zama ɗan Sin, matar ma dole ta zama Baturiya da kwalliya. Aka ɗauko Luise Rainer, haifaffiyar Jamus. Wong aka yi mata maganar ƙaramin rol na kishiya mai yaudara, ba ta yi ba. Fim ɗin ya fito a 1937, Rainer ta ci Oscar ta biyu a jere. Wong ta rasu a 1961 ba tare da an taɓa tsayar da ita takara ba. Sai a 2022 Amurka ta buga hotonta a jikin kwabon ƙasar, sai a 2023 kuma mace 'yar Asiya, Michelle Yeoh, ta fara cin kyautar babbar jaruma.

Inda launin fata bai shiga ba, suna ne ke shiga. Jessica Tandy ce ta fara fitowa a matsayin Blanche a wasan dandali na A Streetcar Named Desire a New York a 1947, tare da Marlon Brando. Da aka zo yin fim a 1951, an riƙe Brando da Kim Hunter da Karl Malden, aka ajiye Tandy, don masu kuɗi suna son sunan da zai cika sinima. Wa aka kawo? Vivien Leigh, wadda ta yi wasan a Landan, ta kuma ci Oscar ta biyu da shi. Tandy sai da ta kai shekara 80 ta karɓi tata, a 1990.

Haka aka yi wa Julie Andrews. Ita ta raya wasan My Fair Lady a dandali, amma da aka zo mayar da shi fim, Jack Warner na kamfanin Warner ya ce ba a san fuskarta a sinima ba, ya biya Audrey Hepburn dala miliyan ɗaya, aka kuma ɗora muryar wata mawaƙiya, Marni Nixon, a kan yawancin waƙoƙin. Walt Disney shi kuma ya ga Andrews a dandali, ya ba ta Mary Poppins, har ya jira ta haihu kafin a fara aiki. Fina-finan biyu sun fito a 1964. Andrews ta ci kyauta, Hepburn ko takara ba ta shiga ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Wasu kuma rol ɗin da wasu suka raina ne ya ɗaga su. Jarumai da dama, ciki har da Myrna Loy, sun ƙi It Happened One Night na 1934. Claudette Colbert ta karɓa ne bisa sharaɗin dala 50,000 da gama aiki cikin mako huɗu, ta kuma ci Oscar da shi. Bette Davis ta ƙi Mildred Pierce, darakta Michael Curtiz kuma bai so Joan Crawford ba, yana ganin zamaninta ya wuce, sai da ta sauke girman kai ta yi gwaji kamar sabuwar shiga. Ita ma ta ci. Judy Holliday kuwa taro aka yi aka ɗaga ta. Shugaban kamfanin Columbia, Harry Cohn, ya ƙi ba ta Born Yesterday duk da ita ta yi shekaru tana yin sa a dandali, sai Katharine Hepburn da darakta George Cukor suka faɗaɗa mata wuri a fim ɗinsu Adam's Rib na 1949, suka bar kyamara a kanta don Cohn ya gani da idonsa. Ya gani, ya sauko, ta kuma doke Bette Davis da Gloria Swanson a bikin 1951.

A Indiya ma akwai misalin da masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai, wato Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Nargis tana da shekara 28 lokacin da fim ɗin ya fito, tauraruwar fina-finan soyayya ce, amma ta yarda ta fito daga amarya har zuwa tsohuwa mai furfura. Sunil Dutt da ya fito a matsayin ɗanta Birju shekararsu ta haihuwa ɗaya, 1929. An yi tunanin ba Dilip Kumar wannan rol, Nargis ta ce 'yan kallo ba za su karɓe su a uwa da ɗa ba bayan sun saba ganinsu a masoya. A nan jarumar ce da kanta ta sa baki a zaɓen, kuma hasashenta ya yi daidai. Ta ci kyautar Filmfare, ta ci ta bikin Karlovy Vary a Turai a 1958, fim ɗin kuma ya zama na farko daga Indiya da ya shiga takarar Oscar ta fina-finan harsunan waje. A shekarar ce kuma ta auri Sunil Dutt, wanda ya cece ta daga gobarar da ta tashi a wurin ɗaukar fim ɗin.

Wannan dama da Nargis ta samu, ta faɗin ra'ayinta, ita ce yawancin matan Hollywood na wancan zamanin ba su da ita. Kwantiragin shekara bakwai ake ɗaure su da shi. Kamfani ne ke zaɓa wa jaruma rol, in ta ƙi a dakatar da ita ba albashi, sannan a ƙara watannin dakatarwar a ƙarshen kwantiragin. Bette Davis ta yi ƙoƙarin ɓallewa a 1936, kotun Ingila ta mayar da ita hannun Warner. Olivia de Havilland, wadda ta fito a matsayin Melanie a Gone with the Wind, sai da ta roƙi matar Jack Warner ta sa baki kafin a ba da aronta. Da shekarunta bakwai suka cika a 1943, kamfanin ya ce saura wata shida na dakatarwa. Ta kai ƙara. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ba ta gaskiya a watan Disamba na 1944, ta ce shekara bakwai na nufin shekara bakwai ta kalanda. Shari'ar ta ci mata kusan shekara biyu ba ta fito a sabon fim ba.

A duk zamanta ƙarƙashin Warner, sau biyu aka tsayar da ita takarar Oscar, kuma duka biyun a fina-finan da aka ba da aronta ga wasu kamfanoni ne. Da ta fara zaɓa wa kanta aiki, ta ci kyautar da To Each His Own na 1946, ta sake ci da The Heiress na 1949, wanda ita ce ta kalli wasansa a dandali a New York, ta nemi darakta William Wyler ya mayar da shi fim ta fito a ciki.