Tsara Fom a Intanet da Matsayin Haruffa Masu Lanƙwasa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake tsara fom na tattara bayanai a intanet, da kuma abin da ke samun rubutun Hausa in an shigar da shi ciki. A yau ɗalibi mai bincike kan karin harshe yakan rarraba tambayoyinsa ta wannan hanya, saboda haka kuskuren fom kuskuren bincike ne.

Ana gina fom ne da harshen HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN. Ƙa'idojin fom sun shiga daidaitaccen tsarin harshen a shekarar 1995. Kowane fom yana da sassa uku: tambaya, gurbin amsa, da maɓallin aikawa. Gurbin yakan zama na rubutu ko na zaɓi. Hanyoyin aikawa biyu ne. Ta farko, wato GET, takan liƙa amsoshin a jikin adireshi, kowa ya gani. Ta biyu, wato POST, takan sa su cikin saƙon kansa, don haka ita ta fi dacewa da sunaye da bayanan sirri, muddin an kulle hanyar sadarwar.

Sai dai matsalar Bahaushe tana wani wuri dabam. Tsohon tsarin ASCII alamomi 128 kawai ya ƙunsa, kuma babu ɓ, ɗ, ko ƙ a cikinsu. Tsarin Unicode ya tanade su, amma dole mai tsara fom ya umarci shafin da ma'ajiyar bayanan su yi aiki da UTF-8. In ba haka ba, harafin ƙ yakan rikiɗe ya zama Æ™. Wanda ya gaji da wannan sai ya watsar da lanƙwasar, daga nan “ƙafa” ta koma “kafa”, “baƙi” ya koma “baki”, ma'ana ta salwanta.

Haka kuma alamar hamza da ke cikin “'ya'ya” ko “sana'a” takan rikita ma'ajiyar da ba a shirya mata ba, domin kwamfuta tana iya ɗaukar ta a matsayin ƙarshen zance.

Daga ƙarshe, ya kamata a gwada kowane fom da irin waɗannan kalmomi kafin a rarraba shi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.